Tarihin Sana'a da Neman Aiki a Madekali da Ƙasar Malanbil

Madekali ɗaya ce daga cikin gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanbil, a jihar Alibori da ke ƙurewar arewacin Jamhuriyar Benin. Tana gabas da garin Malanbil, cikin kwarin Kogin Kwara, inda ƙasashe uku suka kusanci juna: Nijar a tsallaken kogi, Najeriya kuma ta gabas, wajen Lolo da Illo na jihar Kebbi. Dandawa da Kyangawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani ne mazauna yankin. Tun asali abu uku ke riƙe da abincinsu, wato fadama da kogi da hanya, kuma yadda nauyin kowannensu ya riƙa sauyawa shi ne tarihin aiki a wannan wuri.

Kafin zuwan Turawa babu wanda ake kira marar aikin yi, domin sana'a gado ce. Ɗan manomi yana tashi a gandun gidansu yana noman gero da dawa, Sarkawa suna su da fito, Fulani suna kiwo, mata suna sussuka da sarrafa kifi. A ƙarni na 19 wata babbar hanyar fataucin goro daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja tana tsallaka Kwara ta wajen Illo da Gaya, ta ratsa Bargu ta Kandi da Jugu har Salaga. Ayarin da madugu ke ja yana tafe da kanwa da tufafi da fatu, ya komo da goro, gishirin Foga kuma yana shigowa daga arewa. Kowane zango na ciyar da fatoma da dillali da ɗan dako da mai sayar da abinci. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya raunana wannan ciniki, daga bisani jirgin ruwa da jirgin ƙasa suka karkatar da goro ta Ikko.

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba Bargu gida biyu, Illo ta faɗa hannun Ingilishi, yammacinta kuma ya shiga mulkin Dahome, wato Benin ta yau. Mulkin mallaka ya zo da haraji na kuɗi da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Neman kuɗin haraji ya tura samari cin rani zuwa Najeriya da Gwalkwas. Garin da ake kira Tassi ya karɓi sunan wani gwamnan Dahome mai suna Malan, ya zama Malanbil. Layin dogo daga Kwatano ya isa Paraku a 1936 ya tsaya nan, saboda haka duk kayan da za su Nijar sai an ɗora su a mota. A shekarun 1950 aka tsara fitar da gyaɗar Nijar ta wannan hanya, aka gina gadar Gaya da Malanbil a 1958, sannan a 1959 Dahome da Nijar suka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa. Daga nan sababbin sana'o'i suka kafu: direba, yaron mota, ɗan kamasho, makanike, da leburan lodi.

Dahome ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Agusta 1960 da 'yan boko fiye da guraben aikin da take da su. Da yawansu suna aikin malanta da akawu a sauran ƙasashen rainon Faransa, kuma an koro su daga Kodibuwa a 1958, daga Nijar kuma a ƙarshen 1963 lokacin rikicin Dahome da Nijar kan tsibirin Lete. Makarantun boko sun fi yawa a kudu, don haka arewa ba ta sami rabo mai yawa a aikin ofis ba. Bayan Mathieu Kérékou ya karɓi mulki a 1972, ya kuma rungumi aƙidar gurguzu a 1974, gwamnati ta ƙwace manyan kamfanoni, ta zama mai ɗaukar kusan duk wanda ya fito da takardar babbar makaranta. A wannan zamani ne aka shimfiɗa filin noman shinkafa na ban ruwa a Malanbil, mai faɗin sama da hekta 500, da taimakon ƙwararrun Sin. Arzikin man fetur a Najeriya da na yuraniyom a Nijar suka cika hanya da manyan motoci, Benin ta koma rumbun da ake sauke kaya a tashar Kwatano a sake tura su maƙwabta.

Wannan wadata ba ta daɗe ba. Najeriya ta kori baƙi a 1983, ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986. Baitulmalin Benin ya ƙafe, aka dakatar da ɗaukar ma'aikata a tsakiyar shekarun 1980, bankunan gwamnati suka durƙushe, albashi ya yi watanni bai fito ba. A 1989 aka karɓi sharuɗɗan Bankin Duniya da Asusun Lamuni, a Fabrairun 1990 kuma Babban Taron Ƙasa ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya. An sayar da kamfanoni, an sallami ma'aikata, sannan aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Masu digiri marasa aiki suka zama wani rukuni na musamman a birane. Hayar babur, da ake kira zemijan a kudu, kabu-kabu a bakin iyakar Nijar, ta haɗiye dubban matasa, haka ma sayar da fetur ɗin Najeriya a kwalba da jarka, wanda mutanen kudu ke kira kpayo.

Yawan jama'a ya ƙara tsananta lamarin. Ƙidayar 1979 ta sami mutum miliyan 3.3 a Benin, ta 2013 ta sami miliyan 10. Ƙaramar hukumar Malanbil ta tashi daga kimanin 101,000 a 2002 zuwa kimanin 168,000 a 2013. Ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ya nuna cewa noma, wanda ke riƙe da kusan rabin masu aiki a farkon shekarun 1990, ya sauko ƙasa da kashi 40 cikin 100 kafin 2020. Mafi yawan waɗanda suka bar gona ba masana'anta suka shiga ba, ƙaramin ciniki da sufuri da sana'ar hannu ne suka karɓe su. Fiye da kashi 90 na masu aiki a ƙasar ba su da rajista, ba albashi tsayayye, ba fansho.

Wannan ne ya sa alƙaluman rashin aiki na Benin ke da ruɗani. A hukumance marasa aikin yi ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, domin ma'aunin da ake bi yana lissafa duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako a cikin masu aiki. Inda babu tallafin gwamnati ga marar aiki, talaka ba ya iya zama hannu rabbana, dole ya taɓa wani abu. Shi ya sa adadin ya fi hawa a tsakanin matasan birni masu ilimi, waɗanda iyayensu ke iya riƙe su har aiki ya samu. Matsalar saurayin Madekali ta daban ce. Yana noman damina, ya yi lambun albasa da tattasai da rani, ya yi dako ko kabu-kabu ranar kasuwa, amma abin da yake tarawa ba ya kai shi ga aure da gina ɗaki a kan lokaci. Ambaliyar Kwara kan cinye shinkafar fadama, faɗuwar farashin albasa lokacin kaka kan cinye ribar lambu. Audugar da ta kai Benin sahun gaba a Afirka wajen 2019 ta fi ƙarfi a Banikwara da Kandi, ba a bakin kogi ba.

Gwamnatoci sun gwada magunguna iri-iri. An kafa hukumar samar da aikin yi ta ƙasa a 2003, an soke kuɗin makarantar firamare a 2006, an fara ba mata ƙananan rance a 2007. Gwamnatin Patrice Talon ta fito da shiri a 2020 na biyan albashin matasa masu digiri da kamfanoni suka ɗauka, ta kuma buɗe yankin masana'antu na Glo-Jigbe domin sarrafa auduga da kashu. Wannan yanki yana kusa da Kwatano, tazarar fiye da kilomita 600 daga bakin Kwara.

Abin da ya fi taɓa aljihun matasan Malanbil da Madekali shi ne halin da iyaka take ciki. Kasuwar Malanbil ita ce ake lissafawa ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano, kuma rayuwarta na rataye da Gaya da Kamba da Lolo. Najeriya ta sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, cinikin shinkafa ya karye. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya rage ribar 'yan bumburutu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya rufe gadar, ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a hanya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar nata ɓangaren a toshe. 'Yan lodi da masu abinci da 'yan kamasho suka rasa abin yi, masu kwalekwale kuma kasuwarsu ta buɗe, fito ya dawo kamar kafin 1958. Bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme, wanda aka fara lodi daga gare shi a 2024, ya fi ba da aiki lokacin gini.

A cikin ƙarni guda sana'ar yankin ta tashi daga ayari zuwa mota, daga gandu zuwa lambu da babur, amma aikin albashi bai taɓa zama rabon mafi yawan jama'a ba. Har yau yawan abin da saurayi zai samu a shekara ya dogara ne ga cikar kogi da kuma shawarar da aka yanke a Abuja da Yamai da Kwatano game da iyaka.