Tarihin Nishaɗi a Kano: Daga Dandali Zuwa Allon Waya

Kwanakin baya wani ƙanena ya shigo ɗakina ya zube a kan tabarma, ya ce da ni wai gari ba daɗi, shi kam ya gundura. Na dubi hannunsa, sai ga waya cike da fina-finai da waƙoƙi, waɗanda ko wata guda zai yi yana kallo ba zai ƙarar da su ba. Abin ya ɗaure mini kai. Yaya mutum zai riƙe abin nishaɗi a tafin hannunsa, amma ya rasa nishaɗin? Wannan ne ya sa na waiwaya baya domin duba yadda mutanen Kano suka riƙa samun jin daɗinsu, ko ma gano inda gizo yake saƙa.

Mu fara da dandali. A da, idan farin wata ya fito aka gama cin tuwon dare, 'yan mata sukan fita gaɗa, samari kuma su yi langa ko kokawa, ƙananan yara su kewaye tsohuwa ta yi musu tatsuniya. Abin lura shi ne, a duk waɗannan babu ɗan kallo zalla. Mai tatsuniya ba ta ci gaba sai an amsa mata da "ta zo mu ji ta". A kacici-kacici, wanda ya kasa sai ya ba da gari kafin a faɗa masa amsa. Gaɗa kuwa ba ta yiwuwa sai da masu tafi da amshi. Haka abin yake ga manya, domin wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ko jika da kaka, ba ya armashi sai an rama.

Sannan kowane wasa da lokacinsa. Ba a tatsuniya da rana. Dambe da kalankuwa sai da kaka, bayan amfanin gona ya zo gida. Tashe kuwa sai azumi ya kwana goma, a lokacin ne yara za su liƙa gemun auduga su kwaikwayi tsoho, Nalako sarkin gwauraye ya fito da jama'arsa suna tsokanar mazan da ke zaune ba mata. Shekara guda ake yi ana jiran waɗannan kwanaki, kuma rabin daɗin yana cikin jiran nan da shirye-shiryen da ake yi.

Zuwan Turawa ya kawo majigi. Mota ce ta gwamnati take zuwa ta kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko wani fili, a nuna fim kyauta a kan tsafta ko noma, irin su Baban Larai, wani kuma yana bayani da Hausa ta lasifika. Gwamnati wayar da kai take nufi, amma ga jama'a ranar majigi ranar biki ce, domin tun da la'asar yara suke kama wuri. A nan ne aka fara zama a zuba ido ga abin da wasu suka shirya a wani wuri mai nisa.

Daga nan sai sinima ta kuɗi. A 1937 aka buɗe Rex a Sabon Gari, wasu suka biyo baya, yawancinsu mallakar Kwarori. Jama'a ba su karɓi abin hannu biyu-biyu ba, domin ana ganin wurin matattarar 'yan iska ne. Da gobara ta tashi a sinimar El Duniya a 1951 ta hallaka mutum sama da 300, mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin ishara. Haka kuma an sha cece-kuce a farkon shekarun 1950 da aka gina Palace a cikin birni, kusa da kasuwar Kurmi. Duk da haka samari ba su daina zuwa ba, musamman da fina-finan Indiya suka samu shiga.

To amma duk wanda ya taɓa shiga Plaza ko Orion ko Marhaba ya san ba a yin shiru a ciki. Idan jarumi ya bayyana sai a ɗauki sowa, idan mugu ya laɓe sai a yi ta kwarmata wa jarumi cewa ga shi nan a bayansa. Ba a jin yaren, amma a raira waƙoƙin tare. Har laƙabi aka raɗa wa 'yan wasan, kamar Sanjay Dutt da ake kira Ɗan Daba Mai Lasin. Washegari kuma wanda ya je zai ba waɗanda ba su je ba labari a majalisa, ya ƙara gishiri. Wato dai Bakano ya ɗauki ɗabi'ar dandali ya shiga da ita sinima.

Talabijin ma haka ta same mu. An buɗe ta Kaduna a 1962, jihar Kano kuma ta kafa CTV a farkon shekarun 1980. A unguwarmu gida ɗaya ne yake da akwatin, saboda haka ranar da za a nuna Samanja ko Karkuzu sai mu wanke ƙafa mu cika tsakar gidan, waɗanda suka makara su hau katanga. Idan aka ɗauke wuta sai a yi ta salati, mu koma waje mu kwaikwayi abin da muka gani, wani ya zama Samanja, wani ya zama kurtu. Sau ɗaya a mako ake nunawa, kuma in ya wuce ka ya wuce ke nan.

Bidiyo ce ta fara sauya lissafin. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, daga nan kasuwar fim ɗin Hausa ta buɗe. Wannan ya yi wa matan aure rana, domin su da ma sinima ba wurin zuwansu ba ne, sai ga nishaɗi ya iske su har ɗaka, kamar yadda littattafan soyayya suka iske su. Kishiyoyi da maƙwabta su taru a ɗaki ɗaya, a yi hayar kaset, a sha dariyar marigayi Rabilu Musa Ibro. Amma daga lokacin ba sai an jira kaka ko ƙarshen mako ba, ko yaushe aka ga dama sai a kunna. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 ta kafa hukumar tace fina-finai, gidajen sinima kuma suka yi ta ja da baya. A shekarar 2001 ɗin dai wayar salula ta shigo Nijeriya, wadda daga baya ta haɗiye rediyo da talabijin da bidiyo gaba ɗaya.

Idan mai karatu ya bi wannan tarihi zai ga cewa kowane sabon abu ya ƙara mana yawan abin kallo da sauƙin samunsa, amma ya ɗan rage jira ko taro. Waya ce ta kusa kawar da su duka biyun. Ba ina cewa da can komai lafiya lau ba ne, domin a dandali ma akan yi faɗa, kuma mata da yawa an bar su a baya. Tashen ma ɓata-gari sun shiga cikinsa da makamai, har ta kai 'yan sandan Kano sun hana shi a azumin 2024. Sai dai idan aka hana yaro fita saboda tsoro, aka miƙa masa waya, an ba shi abin kallo ne kawai, ba a ba shi abokin wasa ba.

Shaidar hakan tana gidajen kallon ƙwallo. Matashi yana iya ganin wasan a wayarsa, amma sai ya biya kuɗi ya zauna a kan benci cikin zafi, domin ya samu wanda zai yi wa dariya idan an ci ƙungiyarsa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to ashe dariya ma haka take.

Shi kuwa ƙanen nawa, ban yi masa dogon bayani ba. Na tona ramukan dara a ƙofar gida, na kira maƙwabcinmu, muka zauna. Sau uku ana cinye shi, yana rantsuwa an yi masa maguɗi, har aka kira magariba bai tuna inda ya ajiye wayar ba.