Masoyi a Cikin Waya: Tarihin Martanin Masu Wasan Soyayya

Shaƙuwar mai karatu da mutanen cikin labari tsohon abu ne. Tun a 1748 masu karatu a Ingila suka riƙa rubuta wa Samuel Richardson wasiƙu, suna roƙon kada ya kashe Clarissa, tauraruwar littafinsa. Amma dai sun san su 'yan kallo ne.

Wasannin soyayya na mata sun soma ne a Japan a 1994, da kamfanin Koei ya fitar da Angelique. A lokacin, da an kashe na'ura labari ya tsaya. Wayar hannu ce ta rushe wannan iyaka. A 2016 kamfanin Cheritz na Koriya ta Kudu ya fito da Mystic Messenger, inda samarin labarin kan aiko da saƙo, su buga waya bisa agogon gaske, har kwana 11. Masu wasan suka dinga saita agogo don su farka ƙarfe 3 na dare, suna kukan rashin barci, amma ba su fasa ba. A ganina, a nan ne mai karatu ya tashi daga ɗan kallo ya koma wanda ake jira.

Abin ya fi ƙamari a Sin. A watan Janairun 2018, wata guda bayan fitowar Love and Producer, masoyan wasan suka biya kuɗi aka haska gaisuwar ranar haihuwa a jikin dogon benen nan KK100 na birnin Shenzhen. Wanda aka gaisar, Li Zeyan, attajiri ne da bai taɓa numfashi ba.