Na'urar sanyaya ɗaki: Abin da ke kashe ta da yadda ake kula da ita daga hunturu zuwa damina

A biranen Arewa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, na'urar sanyaya ɗaki takan gaza ne a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Mafi yawan lokuta, tun a hunturu matsalar take somawa, sai bazara ta tona asirinta.

Na'urar da ta fi yawa a gidaje da shaguna ita ce mai ɓangare biyu. Ɓangaren da ke cikin ɗaki yana zuƙe zafi daga iska, na waje kuma, mai ɗauke da kwamfiresa da fanka, yana fitar da zafin. Bututun tagulla ne ya haɗa su, gas yana zagayawa a ciki. Duk abin da ya hana iska ratsa ɗaya daga cikin ɓangarorin nan, to ya rage sanyi, ya kuma ƙara cin wuta.

Babban mai yin wannan ɓarna shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo kan toshe ragar tace iska ta ciki, ya like siraran faranta na ɓangaren waje. Ragar ciki ba ta buƙatar mai gyara: a kashe wuta, a ɗaga murfin gaba, a zare ta, a wanke da ruwa, a shanya a inuwa ta bushe sarai kafin a mayar. A lokacin ƙura, yin haka duk mako biyu bai yi yawa ba. Wankin ɓangaren waje kuwa aikin ƙwararre ne, kuma lokacinsa ƙarshen Fabrairu, kafin zafi ya kankama masu gyara su yi wuyar samu.

Kalmar da masu gida suka fi ji ita ce “gas ya ƙare”, kuma a nan ne aka fi asarar kuɗi. Gas ɗin na'urar ba ya ƙonewa kamar fetur. A rufe yake zagayawa, saboda haka idan ya ragu, akwai inda yake yoyo, galibi a mahaɗin bututu. Alamarsa ita ce danshin mai a wurin, kuma kumfar sabulu kan nuna ramin. Mai gyaran da ya ɗura gas bai toshe yoyon ba, ya ajiye wa kansa wani aikin ne bayan 'yan watanni. Ƙanƙarar da kan taru a jikin bututu ma ba hujja ba ce, domin toshewar raga kaɗai tana haifar da ita.

Idan ɗurin ya zama dole, a duba takardar da ke manne a jikin ɓangaren waje. Tsofaffin na'urori na amfani da R22, wanda ake janyewa a duniya ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987, sababbi kuma R410A ko R32. Ba a gauraya su, domin ƙarfin matsinsu ya bambanta.

Matsala ta biyu ita ce wutar lantarki. An ƙera na'urorin da ake sayarwa a Najeriya don wutar da ke kusa da bolt 230. Idan ta yi rauni, kwamfiresa kan yi gurnani ya kasa tashi, ya ɗauki zafi. Sau da yawa kafasita ce ke fara mutuwa, ƙaramin abu mai araha. Fanka na juyawa amma babu sanyi. Ya kamata a gwada ta kafin a yarda da maganar sauya kwamfiresa, wanda shi ne mafi tsada a jikin na'urar. Sitabilaiza mai daidai ƙarfi tana rage wannan haɗari. Haka nan idan an ɗauke wuta an dawo da ita, ko an koma kan janareta, a bar aƙalla minti 3 kafin a sake kunnawa, matsin gas ya daidaita.

Da damina, ƙorafin kan koma ɗigar ruwa a bango. Na'urar tana tatsar danshi daga iska, ruwan ya bi ta wani bututu zuwa waje. Ƙura da gansakuka kan toshe shi, wani lokaci ma zanzaro ne ke gina ɗakinsa na laka a bakin bututun. Warin rumar da ake ji idan an kunna na'urar daga wannan ruwan da ya kwanta yake fitowa.

Batun cin wuta ya ƙara nauyi tun Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC ta ɗaga farashi ga masu rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit. Sauke rimot zuwa 16 ba ya sa na'ura ta gargajiya ta yi saurin sanyaya ɗaki, sai dai ya hana kwamfiresa hutawa. Digiri 24 ko 25, tare da fankar sama da rufe tagogi, ya wadatar da yawancin ɗakuna. Girman na'ura ma yana da tasiri: mai ƙarfin doki 1 ta dace da ƙaramin ɗakin kwana, amma falo ko shagon da ake yawan buɗe ƙofarsa yana buƙatar doki 1.5 ko 2, musamman idan yana ƙarƙashin rufin kwano kai tsaye.