Laburaren Jihar Gombe: Tarihinsa da Batun Tattara Rubutaccen Gado

1.0 Gabatarwa

An ƙirƙiro Jihar Gombe daga Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, amma rubutu da ajiye littattafai sun daɗe a wannan ƙasa kafin jihar ta samu. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda sauye-sauyen mazaunin mulki suka sa mafi yawan abin da aka rubuta game da Gombe da harsunanta ya taru a wasu garuruwa, da kuma nauyin da hakan ya ɗora wa laburaren jihar.

2.0 Kafin Samun Jiha

Ma'ajiyar littattafai ta farko a ƙasar Gombe ita ce zauren malamai. Tun daga zamanin Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya kafa masarautar, malamai suke kwafar littattafan Larabci da waƙoƙin ajami na Fulatanci da Hausa, suna adana su cikin gafaka, 'ya'ya suna gada. Ita kanta fadar ba ta zauna wuri guda ba. Daga Gombe Abba Turawa suka mai da ita Nafaɗa a 1913, sannan Gombe Doma a 1919.

Laburaren hukuma kuwa ya samo asali ne daga ɗakunan karatu na En'e, waɗanda suka yaɗu a Arewa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon shekarun 1950 aka kafa Laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda yake aika wa waɗannan ɗakuna akwatunan littattafai. A 1963 F. A. Sharr ya gabatar da rahotonsa a kan bukatun laburare a Arewa. Ba a jima ba aka raba Jihar Arewa a 1967, Gombe ta faɗa cikin Jihar Arewa maso Gabas mai hedkwata a Maiduguri, sannan Jihar Bauchi a 1976. Wato a tsawon waɗannan shekaru Gombe reshe ce, ana yanke shawarar abin da za a saya da abin da za a adana a wani wuri. Sai a 1996 alhakin ya dawo hannun gwamnati mai mazauni a garin.

3.0 Inda Rubutaccen Gadon Yake

Ana iya kasa abin da aka rubuta game da Gombe gida uku.

Na farko, takardun mulki. Rahotannin haraji da na ƙabilu da razdanoni da di'o'i suka rubuta suna cikin fayilolin Lardin Bauchi a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Duk mai son nazarin yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, tilas ya nufi can.

Na biyu, ayyukan masana. Arnott (1970) ya gina nazarinsa na tsarin suna da aikatau na Fulatanci a kan karin Gombe. A wannan shekarar ce Newman ya fitar da nahawun Tera. Frajzyngier (1989) ya bayyana nahawun Pero, Jungraithmayr (1991) kuma ya wallafa ƙamus na Tangale. A fannin tarihi, Low (1972) ya tattara labaran baka na masarautun Gombe da Katagum da Haɗeja. Haka nan rubutun John Hall, ɗan mishan da ya isa Kaltungo a 1917, game da addinin gargajiya na Tangale bai fito ba sai a 1994, a Jamus. Dukkan waɗannan an buga su ne a Turai ko Amurka, cikin Ingilishi, kuma da wuya masu harsunan su gan su a kasuwa.

Na uku, rubuce-rubucen hannu da ke gidajen malamai. Waɗannan su ne suka fi fuskantar haɗari, domin gara da yoyon damina da rabon gado suna cin su a hankali.

4.0 Kammalawa

Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mawallafa su kai kwafin abin da suka buga, amma ba ta shafi abin da aka buga a ƙetare ba, balle takardar da ba a taɓa bugawa ba. Wannan giɓi laburaren jiha ne ya fi cancanta ya cike shi. Littattafan jarrabawa ana samunsu ko'ina. Abin da zai bambanta laburaren Gombe shi ne sashe na musamman mai ɗauke da kwafin fayilolin Kaduna, da nahawu da ƙamusoshin harsunan jihar, da hotunan rubuce-rubucen malamai bisa yardar masu su. Idan ba a yi haka ba, ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, ko na Jami'ar Tarayya ta Kashere, wadda aka kafa a 2011, zai ci gaba da barin garinsu domin ya karanta abin da aka rubuta a kan harshen mahaifiyarsa.