Gidan Gado a Sabo ta Ibadan

'Yan uwa, rigimar sayar da gidan gado da muke ji a Sabo ba yau ta fara ba.

A 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan. Tun lokacin, gida a nan jari ne kafin ya zama wurin kwana. Maigida ke saukar da fataken shanu da na goro, ya ciyar da su, ya ajiye musu kuɗi, dillalansa su yi ciniki, shi kuma ya tsaya lamuni idan mahauci Bayarabe ya ɗauki sa bashi. Wanda ba shi da ɗakunan baƙi ba shi da kasuwa.

Ran da maigida ya rasu ake shiga tsaka mai wuya. An biya bashi, an zartar da wasiyya, matansa sun raba tumuni, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. To, gida mai ɗaki 10, magada 20, wasunsu ma suna Kano ko Katsina ba su taɓa taka Sabo ba, yaya za a yi? Sai a yi masa kima a sayar. Abin takaicin shi ne, da gidan ya fita hannu baƙin ma sukan bi sabon mai shi, sunan da aka shekara da shekaru ana ginawa ya bi su.

Dokar filaye ta 1978 ta ƙara wani mataki: filin birni yana hannun gwamna, sai da amincewarsa ciniki ke cika. Shaidar liman da sarkin unguwa, wadda ta ishi kakanninmu, yanzu ba ta isa ita kaɗai a gaban kotu.