Daga Kano zuwa Jidda: Nisan tafiya da sa'o'in da jirgi ke yi a sama

Tsakanin Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400 idan aka auna a miƙe. Hanya ce da alhazai da masu Umara da 'yan kasuwa suka daɗe suna bi. A tikiti ana rubuta filin Kano da KAN, na Jidda kuwa JED.

Jiragen fasinja na zamani suna gudun kilomita 800 zuwa 900 a sa'a. Idan aka haɗa da lokacin tashi da na sauka, jirgin da bai yada zango a ko'ina ba yakan yi sa'o'i huɗu da rabi zuwa biyar. Miƙaƙƙiyar hanya tana ratsa sararin samaniyar Chadi da Sudan, kana ta ƙetare Bahar Maliya. Sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma zagaye. Wannan ya ƙara tsawon tafiya da yawan man da ake ƙonawa, har ya shafi kuɗin jigilar alhazan Najeriya a shekarar.

Wanda ya sayi tikitin da ke bi ta Alƙahira zai yi tafiyar kusan kilomita 4,300: kimanin 3,100 daga Kano zuwa Masar, sai 1,200 zuwa Jidda. Idan aka sa jiran jirgi na biyu a lissafi, tafiyar kan cinye yini guda.

Inda matafiya suka fi ruɗewa shi ne bambancin agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da sa'o'i biyu, kuma kowane lokaci da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne. Jirgin da ya bar Kano ƙarfe 10 na dare, ya yi sa'o'i biyar, zai sauka ƙarfe 5 na asuba agogon Jidda, wato 3 na dare a gida. A dawowa kuwa, wanda ya tashi ƙarfe 10 na safe daga Jidda zai iso Kano ƙarfe 1 na rana. Mai duba tikiti sai ya zaci zuwa sa'o'i bakwai ne, dawowa uku, alhali tsawon tafiyar kusan ɗaya ne. Rashin lura da hakan kan sa 'yan tarye su je fili a makare, ko matafiyi ya biya kuɗin masaukin daren da ba zai kwana ba.

Sauka a Jidda ma ba ƙarshen tafiya ba ne ga mai zuwa Makka. Bayan binciken fasfo da karɓar kaya, akwai sauran kimanin kilomita 100 a mota, ko a jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018.