Kantin Kwari: Mai Yanka Fili, Mai Karɓar Haraji da Mai Gyaran Kwata

Gabatarwa

Kantin Kwari, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Fagge a birnin Kano, tana cikin manyan kasuwannin tufafi na Afirka ta Yamma. Daga Nijar da Chadi da Kamaru fatake ke zuwa sarin atamfa da shadda da leshi da yadi, kuma akwai dubban gidajen da tukunyarsu ba ta hawa murhu sai an buɗe wannan kasuwa. Duk da haka, ruwan sama na yini guda kan iya shiga shagunanta ya jiƙa jarin shekara da shekaru. A wannan maƙala ina so in bi sawun hukunce-hukuncen da mahukunta suka yanke a kan wannan yanki tun zuwan Turawa, domin in nuna cewa ciwon ya samo asali ne daga rarrabuwar iko. Hannun da ke yanka fili daban, hannun da ke karɓar haraji daban, wanda alhakin gyara ke wuyansa kuwa sai an yi cigiya.

Unguwar da Doka ta Haifa

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, cibiyar ciniki ita ce Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Fagge kuwa zango ce a bayan ganuwa, inda ayarin Buzaye da sauran fataken Sahara ke sauke raƙumansu. Isowar jirgin ƙasa a 1911 ita ta juya akalar ciniki zuwa gabashin birni. Cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna kusa da tasha, baƙi daga kudancin ƙasa da ƙasashen waje suka yi ta kwararowa.

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta bar waɗannan baƙi su zauna inda suka ga dama ba. An keɓe Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Turawa suka zauna a tasu unguwa, aka bar filin yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakaninsu da jama'a. 'Yan Siriya da Labanan, waɗanda Hausawa ke kira Kwarori, aka yanka musu filaye a kudancin Fagge, tsakanin ganuwa da layin dogo. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa wannan rabo, ta sanya yankin Turawa da na baƙi a ƙarƙashin jami'in Bature, birni kuma ya ci gaba da zama a hannun Sarki.

Abin lura a nan shi ne irin ginin da Kwarori suka yi: kanti a gaba, ɗakunan kwana a baya ko a sama, da tsakar gida. Faɗin tituna da zurfin magudanan ruwa duk an auna su ne da bukatar unguwar zama mai iyalai ƙalilan. Kalmar kwari kanta a Hausa wuri ne mai gangare inda ruwa ke tattaruwa. Ke nan tun ran gini aka yi zane, zanen kuwa na unguwa ne, babu wanda ya tanadi wurin domin dubban shaguna.

Lokacin da Haraji ya Zama Famfo

A ɗaya ɓangaren ganuwa, Hukumar En'e ta Kano tana da Baitulmali tun zamanin Sarki Abbas, inda ake tara rabonta na haraji da jangali. Ba na cikin masu yi wa wannan zamani kwalliya. Talaka ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun masu karɓar haraji, wasu sun sayar da hatsin da za su ci, wasu sun bar garuruwansu da dare. Amma adalcin tarihi ya tilasta mini in faɗi ɗaya gefen. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, da kuɗin wannan Baitulmali aka yi aikin ruwa na Challawa da na wutar lantarki, aka fara cin moriyarsu a farkon shekarun 1930. An jawo ruwa daga kogi zuwa ma'ajiya a kan Goron Dutse, daga nan ya gangaro cikin gari. Asibitin birni, wanda yau ake kira Asibitin Murtala, shi ma aikin En'e ne.

Darasin da nake ɗauka daga nan guda ne. Hukumar da ta karɓi kuɗin ita ce ta yi aikin, kuma kowa ya san ƙofar da zai kai kuka idan famfo ya ƙafe. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 1940 aka mayar da Sabon Gari ƙarƙashin En'e, daga baya unguwannin bayan ganuwa suka zama yankin Waje, ikon ya ɗan haɗu a wuri guda.

Daga Gida Zuwa Shago

Bayan samun 'yanci, abubuwa uku suka sauya fuskar Kwari. Na farko, dokar mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta keɓe cinikin ɗai-ɗai ga 'yan Najeriya. Kwarori da yawa suka karkata zuwa masana'antu a Bompai da sauran wurare, Hausawan da a da ke kasa kaya a tebur a bakin kantunansu suka kama hayar gidajen, wasu suka saye. Ɗakin kwana ya zama shago, tsakar gida ta zama layi, ɗakin girki ya zama sito. Har yau ana kiran sassan kasuwar da sunan gida, gidan wane da gidan wane, shaidar asalinta ke nan. Wannan sauyi ya faru ne gida bayan gida, ba tare da wata hukuma ta zauna ta sake zana magudana ko hanyar motar kashe gobara ba.

Na biyu, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya maye gurbin En'e da majalisu, sannan dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha. Tun daga nan mai ba da takardar fili ya rabu da mai kula da kasuwa.

Na uku, a 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali, ya cika alkawarin da Malam Aminu Kano da mabiyansa suka daɗe suna yi wa talakawa tun kafa NEPU a 1950. Wannan mataki ya share hawayen jama'a, kuma ban ga abin zargi a cikinsa ba. Sai dai ya bar ƙananan hukumomi suna dogaro da kason da ke zuwa daga tarayya, abin da ya rage musu na cikin gida shi ne kuɗin shago da na rumfa da na tasha. Ido ya koma kan ɗan kasuwa.

Ranar da Ruwa ya Karɓi Hanyarsa

Kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa kafa kasuwanni da kula da su, da gina magudanan ruwa, a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Amma dokar rabon haraji ta 1998 ta ce kasuwar da jiha ta zuba kuɗi a cikinta, jiha ce ke karɓar harajinta. Izinin gini yana hannun hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, kasuwar kuma tana da tata hukumar gudanarwa. Kowace daga cikinsu tana da hujjar doka, kuma kowace tana iya nuna 'yar'uwarta da yatsa idan ɓarna ta auku.

A irin wannan yanayi kowane taku na fili kuɗi ne. Aka yi ta cusa shaguna a bakin titi da wurin ajiye motoci da kan hanyar ruwa. A watan Agusta na 2022 ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka, ya rasa mafita, ya shiga shagunan Kwari ya lalata kaya masu ɗimbin yawa, 'yan kasuwa kuma suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanai. Maƙwabciyarta, Kasuwar Sabon Gari, ta riga ta ga nata a watan Maris na 2016, lokacin da gobara ta cinye dubban shaguna.

A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnatin jiha ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi, dab da Kwari, a zamanin wadda ta gabace ta. Masu shagunan suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30, daga bisani aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, lissafin ɗaya ne: gwamnati ta bayar, gwamnati ta rushe, kuma daga aljihun jama'a aka biya.

Kammalawa

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Idan hukuncin ya tabbata a aikace, Fagge ba za ta sake fakewa da rashin kuɗi ba. Shawarata uku ce. A fitar da taswirar Kwari mai nuna tituna da magudanai, a kafa ta da doka yadda babu gwamnatin da za ta yanka su. A haɗa kuɗaɗen da ake karɓa a rasit guda, a kuma liƙa lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe inda kowa zai karanta. Sannan a bai wa zaɓaɓɓun wakilan 'yan kasuwa kujera a wurin yanke shawara, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kano ta taɓa jawo ruwa daga Challawa zuwa Goron Dutse da kuɗin harajinta, don haka fitar da ruwa daga layukan Kwari bai fi ƙarfinta ba.